Ranar da Aka Auna Motar Numazawa

Duk wanda ya yi aiki a wata masana'antar kwali da ke bakin teku a Tomakomai ya san Numazawa Tokuji, ko da ba da daɗin rai ya san shi ba. Shekara talatin da tara yana jami'in kiyaye haɗari. Shi ne mai zagayawa da hular kwano da ɗan littafi a aljihu, yana neman wanda bai ɗaure igiyar takalmi ba. Gajere ne kakkaura, girarsa kamar burushin goge takalmi. Ba ya tsallake titi sai ya nuna dama da yatsa, ya nuna hagu, ya ce, "Daidai!" Sauran ma'aikata ma suna yin hakan a bakin inji tun da doka ce, amma in an tashi a bakin get suke ajiye ta. Shi kuwa da ita yake tafiya gida.

Matarsa Fusae ta yi shekara ashirin da biyar tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, saboda haka hayaniya ba ta ɗaga mata hankali. Tun da suka haifi 'yarsu Mieko take ce masa Baba, shi kuma yana ce mata Mama, har sunayensu na ainihi suka kusa ɓacewa a gidan.

Kwana goma da yin ritayarsa, Fusae ta shiga kicin da safe ta tarar an manna jan tef a ƙasa, a gaban murhun gas.

"Baba, wannan fa?"

"Iyaka ce. In wuta na ci, ba a tsallake ta da riga mai faɗin hannu."

"Shekara arba'in ina girki a nan, ban ƙona gidan ba."

"Sa'a kika yi."

Kafin wata ya ƙare ya liƙa takarda a jikin tukunyar dafa shinkafa, ya sake wa wuƙaƙe mazauni, ya fara rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalba a firiji. Fusae ta ga in ba a samar wa mutumin nan abin dubawa ba, ita ce za ta zama masana'antar. Ita ta kawo shawarar su sayi mota mai ɗaki, irin wadda tsofaffi ke yawo da ita lokacin zafi, mai gado a saman kan direba da ɗan murhu da tankin ruwa. Ta ce tana son ganin tafkuna da wuraren wankan ruwan zafi kafin gwiwa ta hana.

Dabarar ta ci, har ta zarce. Tokuji bai kalli gadon ba, bai kalli labulen ba. Tambayarsa ta farko ga mai sayarwa ita ce, in birki ya ƙi a gangara, me ake yi. Da motar ta zo gida, fara tas, sai ya shiga yi mata tanadi. Jak na ɗaga mota guda biyu, ko ɗaya zai gaza. Batir biyu na ajiya. Janareto. Sarƙar taya ta ƙanƙara, wadda ba ya saukewa ko a tsakiyar watan Agusta. Shebur, gatari, igiyar jan mota, katakai, tukwanen kashe gobara uku, jarkokin ruwa shida ban da tankin, abincin gwangwani na mako biyu, da akwatin sufanu da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Kowane abu da lambarsa a littafi.

Lahadin farko na kowane wata kuwa ranar atisaye ce. A ƙofar gida, motar tana tsaye, zai zauna a sitiyari ya ɗaura bel, Fusae a gefensa da jakarta a cinya. Sai ya daka tsawa: "Taya ta fashe!" Ya kunna fitilun gargaɗi. Fusae ta fita ta ƙofar hagu, ta je ta tsaya bayan tukwanen furenta, waɗanda su ne a matsayin ƙarfen gefen titi. Shi kuma ya ruga da jan allon gargaɗi mai kusurwa uku, yana ƙirga taku, ya kafa shi daidai ƙofar shagon Kumagai mai awara.

Kumagai yakan leƙo yana goge hannu. "Numazawa-san, yau ma ta fashe? Kai, tayar nan tana shan wahala. Mama, sannu da tsallake rijiya da baya. In kun tsira ku zo ku sayi awara, yanzu na sauke."

 Tokuji kuwa agogo yake dubawa. "Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Mama, kin tsaya neman laima."

"Rana ake yi."

"Haɗari ba ruwansa da rana."

"To ni da ruwana."

Shekara uku suna yawo. Sun zaga arewa, sun zaga gabas, sun kwana a tashoshin hutun matafiya fiye da yadda Fusae za ta iya tunawa. Motar ko tari ba ta taɓa yi ba. Fusae tana lura da yadda abin yake ɗan sosa masa rai, kamar wanda ya sha karatu aka ɗage jarrabawa. In ya hango mota a gefen hanya da bonet a buɗe, har fuskarsa takan washe. Sau ɗaya ya tsaya ya kafa wa wani mutum allon gargaɗi, ashe mutumin hoton dawakai yake ɗauka. A wuraren hutu kuma yakan zaga da ma'aunin iska yana durƙusawa gaban tayoyin mutane, Fusae tana biye tana sunkuyar da kai tana ba da haƙuri.

Ranar da abin ya faru, cikin watan Satumba ne, suna kan hanyar Kitami wajen Mieko, wadda ta haifi ɗanta na biyu. Sun shiga filayen Tokaci, inda titi yake miƙewa ɗoɗar tsakanin gonakin dankali, wajen sha ɗaya na rana. Fusae tana ɓare lemo. Sai suka ji ƙara a baya, daram, kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Motar ta karkata hagu, gindinta ya fara rawa, kwanuka suka shiga kaɗe-kaɗe a cikin kabad.

A nan dole a ba Tokuji haƙƙinsa. Bai taka birki da ƙarfi ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ya lallaɓa ta zuwa gefe inda akwai faɗi. Ta tsaya tana huci. Ya kunna fitilun gargaɗi.

"Taya ta fashe," ya ce.

"Na ji," in ji Fusae. Kafin ya ƙara magana ta fita ta ƙofar hagu, ta tsallake ƙarfen gefen titi ta tsaya, lemon yana hannunta, ko laima ba ta nema ba. 

Shi kuma ya ruga da allonsa ya kafa, ya kunna sandar wuta mai jan hayaƙi, ko da yake tun daga inda yake har inda ido ya ƙare babu mota ko ɗaya. Ya dawo yana haki, ya dubi agogo. Fusae ta rantse daga baya cewa ta ga murmushi a bakinsa. Shi ya ce rana ce ta kashe masa ido.

Tayar baya ta hagu ce ta yi kaca-kaca. Safaya tana rataye a ƙarƙashin motar, kuma sandar da ake sauko da ita tana can ƙasan ma'ajiyar baya. Littafi ya faɗi haka, lamba ta ɗaya, abin da aka fara sakawa. Saboda haka sai da ya sauke lamba ta biyu har zuwa ta sittin da huɗu. Ya jera su a kan ciyawa cikin tsari, manya a baya, ƙanana a gaba. Ya danne sauran tayoyin da katako, ya kafa jak, ya sa sufana a noti na farko, ya danna.

Notin bai san yana yi ba.

Ya danna da hannu biyu. Ya tofa yawu a tafi ya sake. Ya fesa mai, ya jira minti biyar da agogo, ya sake. Jijiyar wuyansa ta fito. Daga ƙarshe ya waiga hagu da dama, ya ɗora ƙafa a kan sufanar, ya hau da dukkan nauyinsa.

"Baba," in ji Fusae daga bayan ƙarfe, "ba kai ne ka taɓa dakatar da wani kwana uku a kan hawa sufana ba?"

"Wannan dabam."

"Oho."

Ya kira masu jan mota. Suka ce sun ji, amma motarsu ta fita wani aiki, sai nan da awa uku. Yana tsaye yana share gumi sai ga tarakta ta fito daga wata hanyar gona tana tafe tana ɓaɓatu. Ta zo daidai su ta tsaya. Wata tsohuwa ce a kai, ta ɗaure hular rana da ɗankwali, takalman roba har gwiwa. Sunanta Hokari Setsuko, gonar dankalin da ke gefen tata ce, ita take nomanta tun da mijinta ya rasu. Ta daɗe tana kallon kayan da aka jera.

"Kasuwa ka buɗe? Nawa janareton?"

Tokuji ya sunkuya ya gaishe ta, ya faɗi sunansa, ya bayyana cewa kayan ko-ta-kwana ne.

"Yaƙi za a yi?" Ta sauko. "Duk wannan, me ya hana ka sauya tayar?"

"Noti ne ya ɗan cije."

Ta dubi sufanar, ta dubi akwatinsa mai hawa uku, ta koma bayan taraktar ta zaro wani bututun ƙarfe mai tsatsa, tsawonsa ya kai ƙirjinta. Ta zura shi a hannun sufanar, ta kama can ƙarshe, ta jingina kamar mai leƙen taga. Notin ya yi ƙara ya saki. Haka na biyu, haka na uku.

"Ba ka da bututu?"

Tokuji ya buɗe littafinsa, kamar zai same shi a ciki. "Babu."

"To fa. Mutum da gatari."

Fusae ta juya baya tana kallon gona, kafaɗunta suna motsi.

Su biyu suka sauya tayar, kuma Setsuko ta yaba da yadda ya danne motar da yadda ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya a gicciye. Ta ce da mijinta yana da rabin wannan natsuwar da bai rasa ɗan yatsa ba. Tokuji ya fara dawowa cikin hayyacinsa, ya kira masu jan mota ya ce sun hutar. Fusae ta fito da dunƙulen shinkafa da koren shayi, suka zauna a kan jarkoki. Sai Setsuko ta jawo fasasshiyar tayar da ƙafa, ta shafa ta.

"Tayar nan ba ta tsufa ba. Ba ƙusa ba ce kuma. Dubi inda ta yage, a gefe. Kaya ne suka yi mata yawa."

Tokuji ya ajiye kofinsa. "Hokari-san, kullum da safe nake auna iskarta."

"Iska ka auna. Ka taɓa auna motar? Duk kaka sai na ga irin wannan a motocin dankali, in yaran nan sun yi haɗama. Akwai sikelin ƙungiyarmu can gaba kaɗan, mabuɗin yana wurina. Mayar da kasuwarka ciki, ka biyo ni a hankali."

Ya so ya ce ba sai an yi ba. Amma mutumin da ya shekara talatin da tara yana ce wa mutane a gwada a gani, ba shi da bakin ƙin gwaji. Ya mayar da kaya sittin da huɗu, suka bi bayan tarakta kamar masu rakiyar gawa.

Sikelin wani faffaɗan ƙarfe ne a ƙasa, gaban rumbun dankali. Ya hau da motar, Fusae tana ciki. Setsuko ta shiga ɗan ɗakin da ke gefe, ta fito da 'yar takarda. Tokuji ya ɗauko takardun mota ya haɗa lambobin biyu. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Kilo ɗari uku da tamanin ya ɗora a kan abin da aka yarda motar ta ɗauka.

 Ya je ya zauna a kan wani akwatin dankali, takardar a hannunsa.

Fusae ta shirya dariyarta tun a hanya, amma da ta ga bayansa sai ta haɗiye. Ta san inda hankalinsa ya tafi. A shekararsa ta biyu a masana'anta, tun bai zama jami'in komai ba, shi da abokinsa Ogasawara suna ɗaga damman kwali da ƙugiya, ana sauri a tashi. Tokuji ne ya ce a ƙara dami ɗaya, ai za ta ɗauka. Sarƙa ta tsinke, kayan suka faɗo kan abokin nasa. Ogasawara ya rayu, amma da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, kuma bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, wanda hakan ya fi zafi. Tun daga ranar Tokuji ya zama mutumin da kowa ya sani.

"Da ke a ciki," ya ce a hankali, bai ɗago ba. "Shekara uku ina yawo da ke a haka."

 Fusae ta gyara murya.

"Baba, akwai wata magana. Ka ɗaga kujerar cin abinci."

Ya dube ta, ya tashi ya shiga motar. Ƙarƙashin kujerar akwai ma'ajiya, wadda a littafinsa aka rubuta barguna. Ya ɗaga. Buhun shinkafa mai kilo talatin. Tulun miso, wato daddawar waken soya, da ta haɗa da hannunta za ta kai wa mai jego. Tukunyar ƙarfe. Kabewa huɗu. Da manyan duwatsu biyu masu sulɓi, irin waɗanda take danne kabeji da su a cikin gishiri.

"Duwatsu?"

"Mieko ba ta da masu kyau. Ɗaga ɗaya kujerar ma."

A nan kuma duwatsun rafi ne, farare da baƙaƙe da masu ratsi, sun fi arba'in. Duk kogin da suka tsaya sai ta tsinci biyu ko uku saboda lambunta, ta manta ba ta sauke ba.

"Mama!" Muryarsa ta dawo gaba ɗaya, har da ƙari. "Duwatsu a mota? Ba a rubuce ba? Ina bargunan?"

"Suna gida. Wa ke rufa da bargo a Satumba?"

"Kin san abin da ake kira nauyin da ba a bayyana ba? Kin san da a masana'anta ne..."

Ta sunkuyar da kai ta bar shi ya yi ta yi, har da ɗaga yatsa. Setsuko tana jingine da ƙofa ta dube ta, ita ma ta dube ta.

Da aka auna, kayan Fusae kilo ɗari da goma ne. Sauran duk nasa ne, amma ba wanda ya ga amfanin faɗa. Aka shiga ciniki a gaban rumbu. Ta ce za ta bar duwatsun rafi in ya bar janareto. Ya ce janareto rai ne. Ta ce a shekara uku me ya kunna da shi. Ya ce ba a nan take ba. Setsuko ta raba gardama, ta ce a ajiye mata shi, ba zai yi kuka ba. Batir ɗaya ya sauka, jak ɗaya, sarƙar ƙanƙara, jarkoki biyar, gatari, rabin gwangwanaye. A kan tukwanen kashe gobara ya kafe, aka bar masa biyu. Ita kuma ta kafe a kan miso da dutse ɗaya. Sau huɗu motar tana hawa sikeli tana sauka. A na huɗun ta sauko ƙasa da iyaka da kilo biyar, Tokuji ya karɓi takardar da hannu biyu kamar takardar shaidar kammala makaranta.

Suka yi godiya, suka sunkuya, suka sake sunkuyawa. Sun shiga mota ke nan sai ga Setsuko ta fito daga rumbu rungume da buhu.

"Ga ɗan dankali, na bana ne, a kai wa mai jego. Ba yawa, kilo ashirin ne."

Tokuji ya dubi buhun. Ya dubi sikelin. Ya dubi matarsa, wadda ta ga wani abin sha'awa a rufin mota. Mayar da kyautar wadda ta ɓata rabin yininta a kanka ba abin da zai iya ba ne. Ya sauko ya karɓa, ya yi godiya har sau uku. Sannan ya zaga baya, ya buɗe famfon tankin ruwa, ya tara bokiti, ya auna lita ashirin cif, ya je ya shayar da furannin da ke bakin rumbun. Setsuko ta ce ta gode, dama sun kwana biyu ba su sha ba. Ta ɗora masa bututun mai tsatsa a kan buhun, ta ce wannan kilo biyu ne, ya san yadda zai yi da shi.

Sun isa Kitami da la'asar. Tokuji ya ba surukinsa labarin yadda ake riƙe sitiyari in taya ta fashe, dalla-dalla, har da kwatance da faranti. Labarinsa ya ƙare a daidai inda aka ɗaure noti na ƙarshe. Fusae ce ta ƙarasa sauran a kicin, aka jiyo Mieko tana dariya har jaririn ya farka.

Kayan da aka bari a rumbu, an ce za a dawo a ɗauka. An dawo kuwa, duk kaka, amma ba a ɗauka ba. Sukan yi mako guda a can, motar a fake gefen rumbu, Fusae tana tsince dankali a kan bel ɗin inji tare da matan ƙauyen, Tokuji yana ɗaukar akwatuna yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shekarar da guguwa ta katse wuta kwana biyu, da janareton Tokuji maƙwabcin Setsuko ya kunna inji ya tatsi shanunsa. Setsuko ta yi kuskuren gaya masa a waya. Har yau in baƙo ya zauna minti goma a gidan Numazawa sai ya ji labarin shanun nan.

Yanzu yana da saba'in da huɗu. Bara likita ya ce idonsa na dama ya yi yana, saboda haka da kansa ya miƙa wa Fusae mabuɗi, ba wanda ya roƙe shi. Ita take tuƙi, kuma ta fi shi gudu kaɗan. Shi yana kujerar hagu da taswira a cinya, a matsayin mai lura da hanya. Fusae ta gaya wa Mieko cewa kafin su fita daga Tomakomai ya yi barci, baki buɗe, sai sun tsaya shan mai yake farkawa.

"Ba barci nake ba," in ji shi, da ya jiyo su. "Ƙarar injin nake saurara."

"To me injin ya ce?" in ji Fusae.

 "Lafiyarsa ƙalau."